Kuɗin gwajin ruwan sha: mai sha ne zai biya ko gwamnati?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina duba takardar kuɗin ruwan gidanmu a nan jihar Minesota ta Amurka, sai idona ya faɗa kan wani ɗan layi da na daɗe ina tsallakewa. Ashe kuɗin gwajin ruwa ne na jiha. Kuɗi ne na shekara-shekara kan kowane gida da aka ja wa famfo. Da na bi diddigi sai na ga doka ce ta majalisar dokokin jihar. Tun 2005 dala 6.36 ake biya, aka kwashe shekara goma sha huɗu ba a taɓa shi ba, sai a 2019 majalisa ta amince da ƙari zuwa dala 9.72 a shekara, wato santi 81 a wata, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. Hukumar ruwan gari ce ke karɓa, amma ba nata ba ne, miƙa shi take yi ga ma'aikatar lafiya ta jiha. Da shi ake biyan ma'aikatan da ke zagaya garuruwa suna ɗibar ruwa, da kuɗin awo a ɗakin gwaje-gwaje, da duba rijiyoyi da tankunan gari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai sayar da ruwan daban, mai auna shi daban. Tun jiya nake tunanin gidanmu na Kano, inda mahaifiyata ke shan ruwan burtsatsen da tun ranar da aka haƙa shi ba wanda ya taɓa kai ko cikin kwalba ɗaya a auna. Me zai hana jihohinmu su yi irin wannan doka?

Maman Khalil:
Wa alaikumussalam. Baban Hafsa, ka yi haƙuri, amma maganar nan ta ɗan sosa min rai. Ku can famfo yana kawo ruwa, shi ya sa ake maganar auna shi. Mu nan unguwarmu rabon da famfo ya ɗiga tun ɗana na fari yana goye, yanzu yana sakandare. Kullum sai na sayi jarka shida wajen 'yan garuwa, ranar wanki goma. A ce kuma a zo min da wani sabon haraji na gwajin ruwan da ba a ba ni ba? A fara kawo ruwan tukuna.

Baban Hafsa:
Gaskiyarki Hajiya, ban ce a ɗora wa wanda ba ya samu ba. Amma ruwan 'yan garuwar nan da kike saye, daga ina suke ɗebo shi?

Maman Khalil:
Burtsatsen wani bawan Allah ne a bayan layinmu. Ruwan garai-garai yake, ba wari ba komai.

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya, a nan gizo ke saƙa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin ruwa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwa mai haske. Ruwa mai laka kowa yana gudunsa, ko ya sa masa alif ya kwanta. Amma dalma ba ta da launi a ruwa, gubar asenik ba ta da ɗanɗano, sinadarin nitret ba shi da wari. Nitret ɗin nan daga takin zamani da shaddar gidaje yake tsiyayowa cikin ƙasa, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida yake fi cutarwa, yana hana jininsu ɗaukar iskar da jiki ke buƙata har leɓɓansu su yi shuɗi. Abin baƙin ciki, uwa za ta tafasa ruwan don ta kare jaririnta, alhali tafasawa ƙwayoyin cuta kawai take kashewa. Nitret da dalma ƙara kauri suke yi idan ruwa ya ƙone. Ki duba unguwanninmu, fili ƙafa hamsin, shadda a wannan kusurwa, rijiya a waccan, maƙwabci ma haka. Ba a rasa ma'auni ba a Najeriya. Akwai ma'aunin ruwan sha mai suna NIS 554 da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015: nitret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, dalma 0.01, ƙwayar cutar E. coli kuwa ko ɗaya kada a samu a mililita 100. Takarda tana nan lafiya lau. Kuɗin man motar da za a je a ɗebo ruwan, da sinadaran awo, da wutar da za ta riƙe na'ura awa ashirin da huɗu, su ne babu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Malam Na Tsangaya:
Salamu alaikum. Ni abin da ke damuna a maganar nan shi ne sa wa ruwa haraji. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Sayyidina Usman ɗan Affan da ya ga ana tsawwala wa mutanen Madina, sayen rijiyar Ruma ya yi ya bar ta sadaka. Shugaba shi ne makiyayi, kula da lafiyar ruwan talakawa nauyinsa ne daga baitulmali.

Injiniya Mai Ritaya:
Allah gafarta Malam, ban ja da kai ba a kan nauyin shugaba. Sai dai kuɗin nan ba farashin ruwa ba ne, ladan mai awo ne, kamar yadda ake biyan mai jan bututu da mai ba injin mai. Kuma ina roƙon ku malamai alfarma guda. Tun muna yara aka koya mana cewa ruwa mai tsarki shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, kuma daidai ne. Amma mutanenmu sun ɗauke shi sun mai da shi ma'aunin ruwan sha. Na sha zuwa ƙauye in ce wa mai gari rijiyar nan akwai matsala, ya ɗebo a moɗa ya ɗaga min ya ce Injiniya dubi, wannan ai ko alwala ka yi ta yi. Da za a riƙa faɗa a wa'azi cewa ruwa yana iya zama mai tsarki kuma ya zama mai cutarwa, da an rage mana rabin aiki.

Malam Na Tsangaya:
Wannan gaskiya ce, tsarki daban, cutarwa daban, kuma shari'a ta hana cutarwa. Zan faɗa in sha Allahu. Amma ina nan kan bakana game da harajin.

Bagobiri Daga Maradi:
Ku bari in sa baki, don mu mun ga abin da idonmu. Tibirin Gobir, nan kusa da Maradi, a 1985 aka gina foraj, wato burtsatse, aka ba gari ruwan pampo. Mutane suka yi murna, an huta da jan guga. Shekara da shekaru ana sha. Sai aka fara ganin yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, wasu ba su iya tafiya. An ce iska ce, an ce sammu ne, an kai wajen masu magani. Sai can wajen ƙarshen shekarun 1990 aka tabbatar sinadarin fuloraid ne ya yi yawa cikin ruwan, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara suka nakasa, kuma ƙashi in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. Ruwan nan ba gurɓata shi aka yi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa abin ya fito. Awo guda na fuloraid ba ya cin kuɗin buhun hatsi. Duk lokacin da na ga waɗanda abin ya shafa, yanzu sun zama magidanta da matan aure, sai in tuna cewa shekara fiye da goma aka yi ba wanda ya tsai da wanga ruwa. Ni ko nawa aka ce in biya don a auna, zan biya.

Maman Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba.

Barista:
Allah ya kyauta. Bari in ɗan warware ɓangaren doka, don kada mu kwafo hula mu bar kai. A Amurka akwai dokar tarayya ta ruwan sha tun 1974. Hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ita ke sa iyakar kowane sinadari, sannan ta damƙa wa jiha ikon aiwatarwa idan jihar ta nuna tana da ma'aikata da ɗakin gwaji da dokokin da ba su gaza na tarayya ba. Duk jihohin sun karɓi wannan iko in ban da Wyoming. To tallafin da tarayya ke bayarwa ba ya isa, shi ya sa kowace jiha ta nemi hanyar cike giɓi. Wasu daga kasafin kuɗi suke cirewa, wasu kamar Minesota da Mizuri suka ɗora ɗan kuɗi kan takardar ruwa. Ka ga akwai bulala a bayan abin: jihar da ta kasa, tarayya za ta iya karɓe ikon. A Najeriya samar da ruwan birane aikin jihohi ne, don haka majalisar jiha tana da hurumin yin irin wannan doka. Matsalar ita ce tarihi. A 2017 Legas ta yi dokar muhalli da ta taɓo masu haƙa burtsatse da sayar da ruwa, ƙungiyoyi suka yi ca, suna cewa gwamnatin da ta kasa ba da ruwa tana neman hukunta wanda ya nema wa kansa. A 2020 ƙudurin dokar albarkatun ruwa na tarayya ya tayar da ƙura har majalisar wakilai ta janye shi. Duk ɗan majalisar da ya ambaci kuɗi da burtsatse a jimla ɗaya yanzu, ya san abin da zai biyo baya.

Alhaji Mai Ruwan Leda:
Barista ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ina da ƙaramin kamfanin fiya wata. NAFDAC ta auna ruwana kafin ta ba ni lamba, kuma ina biya in sabunta. Bayan wannan akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma, akwai masu sitika a hanya, kowa da rasit ɗinsa. Ga dizal, ga leda da ta yi tsada. A cikin masu zuwa karɓar kuɗin nan, in ka cire NAFDAC, ba wanda ya taɓa cewa Alhaji ba ni ruwan in gani. Ina ji ina gani idan aka yi dokar nan mu za a fara tarewa, don mu ne muke da adireshi. Wanda ke ƙulla ruwa a bayan gida ba rajista, shi ba wanda zai same shi.

Baban Hafsa:
Alhaji, shi ya sa na ce abin da ya burge ni ba kuɗin ba ne, inda yake tafiya ne. A nan kowace hukumar ruwa dole ta fitar da rahoto duk shekara, kowa ya ga abin da aka auna da abin da aka samu. Kuma na ga amfaninsa. A gabashin birnin Saint Paul an gano wasu sinadarai masu illa ga lafiya da ake kira PFAS a ruwan ƙarƙashin ƙasa, daga wuraren da kamfanin 3M ya zubar da sharar masana'anta shekaru da dama da suka wuce. Garuruwa irin su Woodbury sai da suka rufe wasu rijiyoyinsu. Jihar ta kai kamfanin kotu, a 2018 aka sasanta kan dala miliyan 850. Ba don akwai masu awo ba, da wace hujja za a shiga kotu? Ku tuna da ruwan da majemun Sharaɗa da Challawa da masana'antun Bompai ke saki.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni dai ban yarda ba. Amurkar da kuke yabo ita ce ta yi abin da ya faru a garin Flint na jihar Mishigan. A Afrilun 2014 aka juya ruwan garin zuwa kogin Flint don a rage kashe kuɗi, ba a sa maganin da ke hana bututu cin tsatsa ba, dalma ta narke ta shiga ruwan mutane. Ina masu awon jihar Mishigan suke? Suna nan, suna cewa ruwa lafiya lau. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon jinin yara a Satumban 2015, da masu bincike daga jami'ar Virginia Tech, sannan aka amsa. Garin talakawa ne, akasarinsu baƙaƙen fata. To idan can an yi haka, a nan fa? Za a karɓi kuɗin, a sayi motoci, a buɗe ofis, shi ke nan.

Injiniya Mai Ritaya:
Ɗana, misalinka gaskiya ne, amma ka lura da abin da ya tona asirin: wani awon ne. Flint ba ta nuna awo banza ne ba, ta nuna haɗarin sakamako ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Bari in ba ka kishiyarsa daga Kanada. A 1996 gwamnatin lardin Ontariyo ta daina auna wa garuruwa ruwa a ɗakunan gwajinta don tsuke bakin aljihu, ta ce kowane gari ya nemi ɗakin gwaji mai zaman kansa ya biya. Ba a kuma wajabta wa waɗannan ɗakuna su sanar da hukuma idan sun ga matsala ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwan sama mai yawa a wani ƙaramin gari, Walkerton, ya wanko kashin shanu daga gona zuwa ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Ɗakin gwaji ya ga E. coli, ya aika wa manajan ruwan garin shi kaɗai, shi kuma ya ɓoye. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da bai wuce mutum dubu biyar ba. Ba a ba kura ajiyar nama. Ni na zauna a kujerar nan, na san yadda ake ji idan sakamako ya fito ba kyau kuma kai ne za a tambaya. Zuciya takan ce bari a sake awo gobe.

Ɗan Gwagwarmaya:
To Baba, ai Zamfara ma a 2010 yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, ba wanda ya sani sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura.

Injiniya Mai Ritaya:
Haka ne, sai dai a gyara: ta Zamfara yawanci daga ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka a cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum, yara suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Ta shiga kududdufai da rijiyoyi ma, amma ƙasa ce babbar hanya.

Sista Daga Bauchi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma daminar 2021 ba za ta fita daga raina ba. Amai da gudawa ya kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya a shekarar, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mun shimfiɗa mutane a ƙasa, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin taga. Da za ka tambayi kowannensu inda ya sha ruwa, amsar kusan ɗaya ce, rijiya ko ɗan garuwa. Ba sai an samu na'urar miliyoyi ba kafin a kama wannan. Akwai 'yar kwalbar da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ya yi baƙi an san akwai alamar bayan gida a ciki. Akwai ƙwayar da ake jefawa a ruwa ta nuna ko kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya isa. Jami'an duba-gari za su iya duk wannan. Maman Khalil, kuɗin da kike gudun biya kina biyansa tun tuni, a kemis da asibiti, duk lokacin da aka ce yaro taifot ne.

Maman Khalil:
Sista, wannan kam ba ƙarya. Bara sau uku ana rubuta wa ƙaramar maganin taifot. Amma har yanzu tambayata tana nan: ni da ba ni da famfo, ta wace hanya dokar Baban Hafsa za ta iso burtsatsen bayan layinmu?

Baban Hafsa:
Ba za ta iso ba, kuma nan ne dokar ta gaza ko a nan. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a Minesota rijiyar gidansa yake sha, kuma kuɗin nan bai shafe su ba. Doka ta ce a auna sabuwar rijiya lokacin da aka haƙa, a duba ƙwayoyin cuta da nitret da asenik. Daga nan kuma ya rage naka. A kudu maso gabashin jihar, yankin manoma inda ƙasa ke da duwatsu masu ramuka, nitret ya yi yawa a rijiyoyin mutane har sai da EPA ta rubuto wa jihar a 2023 ta ce ta tashi tsaye. To abin da yake ɗaya cikin biyar a nan, a gida shi ne mafi rinjaye. Na yarda in aka kwafe ta yadda take, 'yan unguwannin da ruwa ke zuwa kawai za ta amfana.

Barista:
Saboda haka ba a kan famfo za a rataya kuɗin ba. A rataya shi kan wanda ke cin riba da ruwa: mai burtsatsen da ke sayar wa 'yan garuwa, masu tankar ruwa, otal-otal, masana'antu, da kamfanonin haƙa, a haɗa kuɗin awon farko cikin kuɗin haƙa. Rijiyar gida da ta masallaci da ta sadaka a auna su kyauta daga asusun, kun ga an biya wa Malam buƙatarsa. Wanda NAFDAC ta riga ta auna kada a sake cajinsa. Sannan dokar ta faɗa ƙarara cewa kuɗin ba zai shiga babban asusun jiha ba, kuma a liƙa sakamako a jikin kowane tanki da kwanan wata.

Alhaji Mai Ruwan Leda:
In dai za a rubuta wancan layin na kada a caje mu sau biyu, ni zan bi ka har majalisa. Amma mai burtsatse zai ƙara wa ɗan garuwa, ɗan garuwa ya ƙara wa Hajiya. A ƙarshe ita ce dai za ta biya.

Maman Khalil:
Na sani Alhaji. In naira biyar ce a jarka kuma ina ganin takardar a jikin tanki da idona, zan ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne in biya in ga rasit kawai. Injiniya, kafin 'yan majalisa su farka, in ina so a auna min na bayan layinmu, ina zan nufa?

Injiniya Mai Ritaya:
Ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya tana da ɗakin gwajin ruwa a Kano, akwai a Gombe da Minna, a Kaduna kuma akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. Jami'o'i ma suna yi a sashen kimiyyar sinadarai da na ƙananan halittu. Kada ki ɗebo a robar lemo. Ki fara zuwa su ba ki kwalbarsu da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ki bar ruwan ya zuba minti biyu zuwa uku, kada yatsa ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin, ki sa ta a cikin kula mai ƙanƙara, ki kai cikin awa shida. Ki ce a duba E. coli da nitret da fuloraid da dalma. Kuma ki ɗebi biyu, ɗaya daga bakin burtsatsen, ɗaya daga jarkar ɗan garuwa bayan ya sauke miki, don sau da yawa ruwan yana fitowa lafiya, a jarka yake lalacewa. Ku haɗa kuɗin ku gidaje goma na layin, ba zai yi nauyi ba.

Maman Khalil:
Na gode Baba. Zan yi wa matan layinmu magana ranar Asabar wajen adashi. Mai burtsatsen fa, a sanar da shi ko a ɗeba kawai?

Injiniya Mai Ritaya:
A sanar da shi, a kuma tafi da mai unguwa. Iyalinsa ma ruwan suke sha.